Lafiyar Mace da ta Namiji: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu, 'yan'uwa mata, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana kan bambancin lafiyar mace da ta namiji. Wani bambancin halitta ce daga Allah, wani kuwa mu muka jawo shi da hannunmu.

Mu fara da halitta. Mace na zubar da jini duk wata, ta ɗauki ciki, ta haihu, ta shayar. Shi ya sa masana suka ce namiji na buƙatar miligiram 8 na sinadarin ƙarfe mai ƙara jini a rana, mace 18, mai ciki 27. To, ku duba kwanonmu. Wa ake tsame wa nama da hanta? Maigida. Mai cikin da ta fi kowa buƙata sai ta sha romo. Daga nan ƙarancin jini ke somawa, ranar haihuwa jini kaɗan ya zuba, ta galabaita.

Sai jinkiri. Naƙuda ta tsaya, maigida na kasuwa, ba izini, ba kuɗin mota, ga kunyar ɗan fari. Kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, sai yoyon fitsari. Ana gyaransa a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha nan Sakkwato, amma rigakafi ya fi magani. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau 8.

Maza, ku ma ba ku tsira ba. A duniya mata sun fi ku tsawon rai. Ga sigari, ga hatsarin kabu-kabu, ga hawan jinin da ba a aunawa sai mutum ya faɗi.

Nana Asma'u ta tura jajis gida-gida suna ilimantar da mata. Mu ma mu bi sawunta da abu biyu. Na ɗaya, mu ware wani abu daga kowane zubin adashe don kuɗin mota da jini ranar haihuwa. Na biyu, kowane maigida ya ba da izinin zuwa asibiti tun ciki na ƙarami, kowa a gidan ya ji, har uwar miji.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana ɗiyanmu, Ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka. Wassalamu alaikum.