BUTUTUN GAS DA GONAKIN JAMA'A: ICCE TUN YANA ƊANYE AKE TANƘWARA SHI

Jawabin da wani tsohon ma'aikacin gona ya gabatar a gaban taron 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumomin Madawa, Buza da Keita.



Maganar bututun da zai ɗauki iskar gas daga Najeriya, ya ratsa Nijar, ya kai Aljeriya, ta daɗe ana yin ta. A ranar 3 ga Yulin 2009 ƙasashen uku suka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Abuja, suka sabunta alkawari a birnin Aljas a Yulin 2022, sannan a Fabrairun 2025 suka ɗora wa kamfanin Penspen aikin sabunta binciken da aka yi tun da farko. Tsawon bututun ya haura kilomita 4,000, kimanin 840 daga ciki a ƙasar Nijar, kuma an tsara ya riƙa ɗaukar gas kubik mita biliyan 30 a shekara. A lokacin bincike irin wannan ne injiniyoyi ke ja layi a kan taswira. Layin da ya ɗauke su yini guda a ofis, shi ne zai zauna a gonar talaka har jikokinsa su tarar da shi. Don haka duk gundumar da ke tsakanin iyakar Najeriya da arewacin ƙasa tana da ruwa da tsaki a maganar.

Sau da yawa akan gaya wa manomi cewa an riga an gama, layi ba ya motsi. Tarihin bututun man Agadem ya ƙaryata wannan zance. Da farko an shirya ne a bi da shi ta Chadi, a haɗa shi da bututun da ke zuwa Kribi ta Kamaru. Daga baya aka juya akalarsa zuwa Benin, aka soma aiki a Satumban 2019, ya ratsa jahohin Diffa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dosso, tafiyar kusan kilomita 2,000 har Seme, inda jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. In har ana iya sauya wa bututu ƙasa sukutum saboda tsaro da lissafin kuɗi, to kauce wa fadama guda ba zai gagara ba, muddin an yi magana a kan kari.

Abin da ke cikin ƙasar nan ya cancanci a kauce masa. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 manoma da ƙungiyar CARE suka jera layukan dogon yaro domin tare iskar da ke kwashe ƙasa. A Keita, daga 1984, aikin da Italiya ta biya tare da FAO da PAM ya mayar da faƙo gona. Mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun a ka, aka kuma shuka miliyoyin itatuwa. A kwarin Tarka akwai garaken albasa da rijiyoyinsu, waɗanda ke ciyar da manomi da dillali da mai mota. A kan bututun gas kuwa, a bisa al'adar aikin, ana iya komawa noman hatsi bayan an binne shi, amma ba a barin babban icce, ko rijiya, ko gini. Ke nan gonar hatsi za ta yi asarar damina ɗaya ko biyu, alhali layin itatuwan da aka yanke ko garkar da aka raba da rijiyarta ba su dawowa. Kuɗin diyya, komai yawansu, ba su tare iska.

Doka ba ta bar talaka hannu sake ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin da aka gada bisa al'ada kariya daidai da na takarda. Doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce ba a karɓe fili sai don amfanin jama'a, bayan bincike, kuma sai an biya diyya ta adalci tun kafin a shiga. In ba a daidaita ba, alƙali ne ke yanke kuɗin. Dokar 14 ga Mayun 2018 ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli da rayuwar mutane, tare da sauraron jama'a, kafin hukumar BNEE ta duba rahoton, ministan muhalli ya ba da takardar amincewa. A wannan rahoto ne ake auna hanyoyi daban-daban da aikin zai iya bi. Nan ne ƙofar sauya layi take, kuma da zarar takarda ta fita, ƙofar ta kusa rufuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardun gona. Gonar gado da 'yan'uwa ba su raba ba, da gonar aro, da ta jingina, su ne ke haifar da shari'a ranar da kuɗi suka zo: mai noma daban, mai karɓa daban. Hukumomin filaye da ake kira COFO, na ƙauye da na komin da na gunduma, an kafa su ne don rubuta shaidar gado, saye, aro, haya da jingina. Ya kamata kowane gida ya nemi shaidarsa tun ba a ga masu awo ba. Haka nan burtali da mashaya, a tabbatar an shata su an rubuta, domin makiyayi ba shi da gonar da za a auna a biya shi.

'Yan kasuwa na da nasu nauyi. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin inda layi zai bi, ya ruga ya saye gonar gwauruwa da araha don ya ci diyya, ya ci amanar garinsu, ko da alƙali bai kama shi ba. Ma'aikaci kuma, amanarsa ita ce taron sauraron jama'a ya zama na gaskiya: a sanar da wuri, a guji ranar kasuwa da tsakiyar aikin damina, a yi bayani da Hausa da Tamashek da Fulatanci, a liƙa taswira da jerin sunaye inda kowa zai gani, a rubuta ƙorafin kowa, a ba shi shaidar an karɓa.

Ba mai ƙin gas a ƙasar da ake girki da icce, ana kwana cikin duhu. Abin da ake roƙo shi ne a tambayi mai ɗaki, shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Masu unguwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma su zauna tun yanzu, su rubuta wuraren da ba za a taɓa ba, fadama da maƙabarta da layin itatuwa da burtali, su ajiye kwafi a ofishin magajin gari da na COFO. Ranar da masu awo suka iso, sai su tarar da gari ya riga su shiri.

Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum.