Yesu a unguwar Compton

A watan Agustan 2014 tashar Adult Swim ta Amurka ta fara nuna wasan barkwanci mai suna Black Jesus, na Aaron McGruder da Mike Clattenburg. A cikinsa Yesu Almasihu baƙar fata ne mazaunin Compton a Kalifoniya. Yana wa'azin ƙauna, amma yana zuƙar wiwi, bakinsa kuma ba ya rabo da ashar.

Ƙungiyoyin Kirista irin su One Million Moms suka yi ca, suka ce saɓo ne. Duk da haka wasan sai da ya kai zango uku.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mabiyan da aka ba Yesu: zauna-gari-banza, mashaya, masu neman na ɓagas. Hoton da aka daɗe ana liƙa wa baƙar fata ke nan tun zamanin da Turawa ke shafa baƙi a fuska su hau dandali. McGruder baƙar fata ne, sai a ce wasan gida yake yi. To, amma mai kallon da bai taɓa taka Compton ba, abin da ya gani shi zai ɗauka halin mutanenta ne.