HADAYA ƊAYA DA TA ISA

Karatu: Ibraniyawa 10:1-18

Mun gode wa Allah da ya sake tara mu a gindin Maganarsa. Idan kana da Littafi Mai Tsarki kusa, ka buɗe Ibraniyawa sura 10, ka kira mutanen gidanka su matso. Yau za mu yi magana a kan hadaya.

Hadaya ba baƙuwar aba ce a wurinmu ba. Kowace kabila a cikinmu tana da sunanta a harshenta. Kafin bishara ta iso ƙauyukanmu, in za a fara shuka sai a yanka kaza, in annoba ta shigo gari sai a kai akuya matsafa. Kakanninmu sun gane cewa akwai abin da ya ɓaci tsakanin mutum da Mahaliccinsa, kuma fatar baki kaɗai ba za ta gyara shi ba. A nan sun yi gaskiya. Abin da ba su sani ba shi ne wane jini ne zai iya gyarawa.

Bari mu duba yadda Allah ya koya wa Isra'ilawa. A Fitowa sura 29 ya umarta a miƙa 'yan raguna biyu kowace rana, ɗaya da safe, ɗaya da maraice. Ka lissafta, ya fi raguna 700 a shekara, ban da na Asabar da na idodi. A Littafin Firistoci sura 1, mai kawo hadaya zai zaɓi dabba marar lahani, ya ɗora hannunsa a kanta kafin a yanka. Ɗora hannun nan magana ce. Mutumin yana cewa, laifin nawa ne, amma wannan ce za ta mutu a madadina. Sura 17 ta ba da dalili, ta nuna cewa ran kowace halitta yana cikin jininta. Zunubi kuwa da rai ake biyansa.

Babbar rana ita ce Ranar Kafara, a sura 16. Sau ɗaya tak a shekara babban firist yake shiga bayan labule, Wuri Mafi Tsarki, kuma ba ya shiga hannu wofi. Sai ya fara yanka bijimi domin zunubin kansa da na gidansa. Sa'an nan a kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya, a yayyafa jininsa a ciki. Ɗayan kuma firist ya ɗora masa hannu biyu, ya hurta laifofin jama'a a kansa, a kore shi jeji. Jama'a su koma gida da sanyin zuciya. Amma baɗi war haka, sai a sake.

Me ya sa ake sakewa? Marubucin Ibraniyawa ya amsa a farkon karatunmu. Ya ce da hadayun nan sun wanke mutane sarai, da an daina miƙa su. Aikinsu shi ne su tuna wa mutane zunubi kowace shekara, gama jinin bijimi da na akuya ba shi da ikon ɗauke shi. Ka san mutumin da ya ci bashi da ruwa? Kowace ranar kasuwa yana kai ɗan wani abu, amma uwar kuɗi tana nan daram. Haka hadayun dabbobi suke.

Sai Yesu ya zo. Da Yohanna Mai Baftisma ya hango shi, ya nuna shi ga jama'a a matsayin Ɗan Ragon da Allah da kansa ya tanada domin zunubin duniya. Shi ba shi da lahani, don haka bai bukaci ya fara yin hadaya domin kansa ba. Ba a kuma ja shi da igiya kamar akuya ba, da yardar ransa ya je. Aka gicciye shi a lokacin Idin Ƙetarewa, kuma Markus sura 15 ta faɗa mana cewa da ya mutu, labulen Haikali ya tsage biyu daga sama har ƙasa. Daga sama, 'yan'uwa, wato ba hannun mutum ba ne.

Ku lura da aya 11 da 12 na karatunmu. Firistoci a tsaye suke kullum, domin aikinsu ba ya ƙarewa. Yesu kuwa da ya miƙa hadayarsa sau ɗaya, sai ya zauna a hannun dama na Allah. Manomi ba ya zama sai ya kai ƙarshen kunya. Yesu ya zauna domin aiki ya ƙare. An biya uwar kuɗi. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, sojojin Roma a ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin Urushalima, yanka a bagadensa ya tsaya. Masu bi ba su rasa kome ba, domin hadayarsu ta riga ta cika.

To, yanzu bari mu shigo cikin gidajenmu. Yaro ya kwanta ciwo, an yi kwana da kwanaki ba sauƙi. Sai baffa ko kaka su kira ka gefe su ce, kakanni ne suka yi fushi, kawo baƙar kaza mu kai wurin da ka sani, fasto ba zai ji ba. Ɗan'uwa, wannan gwaji ne mai zafi, gama mai faɗa maka haka yana ƙaunar yaron. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Da yawa ba su yarda da tsafin ba, kunyar manya ce take kai su. Amma ka yi tunani. Idan ka zub da jinin kaza domin neman salama, kana cewa jinin Yesu bai isa ba. Wa yake sake biyan bashin da aka riga aka yafe, har a hannun wanda ba ya binsa kome?

Kada ka zagi manyanka, kada ka raina su. Ka durƙusa ka ce, Baba, an riga an yi mini yanka, ba zan ƙara wani ba. Sa'an nan ka nuna musu cewa ba rowar kaza kake yi ba. Ka ɗauki yaron ka kai shi asibiti da wuri, ko da sai ka sayar da akuya. Ka kira dattawan ikilisiya su yi addu'a, yadda Yakubu sura 5 ta koya mana.

Haka kuma ka yi hankali da mai wa'azin da zai ce sai ka kawo kuɗi kaza kafin Allah ya ji kukanka. Wannan matsafa ce da aka sa wa sabuwar riga. Baiko da zakka godiya ne, ba kuɗin sayen jinƙai ba.

Shin hadaya ta ƙare ke nan ga Kirista? Ta gafarar zunubi ta ƙare, ta godiya kuwa tana nan. Bulus a Romawa sura 12 ya roƙe mu mu miƙa jikunanmu hadaya mai rai. Ibraniyawa sura 13 ta ambaci yabon Allah, da aikin alheri, da raba abin da muke da shi. Mudun hatsi ga gwauruwa, kwana a asibiti wurin maƙwabci, yafe wa wanda ya ci maka iyakar gona, waɗannan su ne hadayun da Allah yake karɓa a yau. Suna da tsada, amma mai ba da su ba tsoro ne yake korarsa ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin Ɗanka da ya ba da ransa sau ɗaya dominmu. Ka ƙarfafa duk wanda ake matsa wa a gidansa ya koma baya. Ka taɓa marasa lafiya da hannunka. Ka karɓi rayuwarmu ta zama abin ƙanshi a gabanka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Ubangiji ya kiyaye ku, sai mako mai zuwa idan ya kai mu.