ASID MAI KAMA DA RUWA, MAI CI KAMAR WUTA

Jawabin da Kwamitin Lafiya da Wayar da Kai ya gabatar a Babban Taron Ƙungiya na shekara-shekara



GABATARWA

Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku. A irin wannan taro an saba jin batun hanya da rijiyar burtsatse da gyaran makaranta. A yau muna neman izinin mu karkata zuwa ga waɗanda guminsu ke biyan kuɗin waɗannan ayyuka, wato 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke neman abinci a unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, ko Ikeja da Apapa a Legas. Wasu na aiki a masaƙu da marina, wasu a kamfanonin jima, wasu na tsaron shagon sinadarai, wasu kuma dako suke yi ko tuƙin mota. Akwai kuma matanmu da suka koyi haɗa sabulun ruwa da kayan wanke-wanke a cikin gida.

Dukkan waɗannan suna iya cin karo da wani sinadari da ake kira asetik asid. Mun zaɓe shi ne saboda ya haɗa haɗari biyu waɗanda ba kasafai ake samunsu tare ba: yana cin naman jiki, kuma yana kamawa da wuta. Ruwan batir da muka fi sani yana ƙuna, amma shi kansa ba ya ci da wuta. Mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafi ɗan'uwansa, fomik asid, wanda kamfanonin jima suka fi amfani da shi.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Kowace uwargida ta san ruwan khal da ake wanke latas da shi ko a zuba a kwaɗo. Abin da ke ba khal tsaminsa da warinsa shi ne asetik asid, amma kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari ne kacal, sauran ruwa ne. A asibitoci ma ana amfani da mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 wajen gwajin cutar dajin bakin mahaifa. Wanda ake kawowa masana'antu a duro da jarka kuwa ya kai kashi 99 cikin ɗari, wato ya ninka khal ƙarfi kusan sau ashirin. Da shi ake daidaita ruwan rini, ake haɗa fenti da gam, ake yin robar gorar ruwa da maganin asfirin.

A ido garau yake kamar ruwan sha, a hanci kuma warin khal yake yi. Nan yaudarar take. Da zarar ƙarfinsa ya wuce kashi 25, ya shiga sahun masu ƙona fata. Wani lokaci ƙunar ba ta bayyana nan take. Mutum zai goge hannu a riga ya ci gaba da aiki, sai bayan wasu sa'o'i fata ta yi bororo. Ɗigo ɗaya a ido na iya dusashe gani har abada. Tururinsa na sa hawaye da tari da shaƙewa, kuma wanda ya shaƙi mai yawa ruwa na iya taruwa masa a huhu bayan ya koma gida. A Amurka doka ta iyakance tururin da ma'aikaci zai yini a cikinsa zuwa kashi 10 cikin miliyan na iska, kashi 50 cikin miliyan kuma ana ɗaukarsa barazana ga rai. Masu shekaru suna aiki da shi ba kariya kan gamu da zaizayewar haƙora da tarin da ba ya jin magani.

Mafi muni shi ne a sha shi. Yana ƙona baki da maƙogwaro da ciki, yana fasa ƙwayoyin jini, yana kashe ƙoda. A Rasha, inda ake sayar da mai ƙarfin kashi 70 don adana kayan lambu, ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutane sashen masu shan guba. A wurinmu hanyar wannan masifa a bayyane take: a tsiyaya shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo, ba rubutu, a ajiye a inda yaro mai ƙishirwa zai kai hannu.

BAZARA DA HUNTURU

Wannan shi ne ɓangaren da muke roƙon ku fi riƙewa, domin ya shafi yanayin ƙasarmu kai tsaye.

Kowane ruwa mai cin wuta yana da wani mizanin zafi wanda in ya kai shi, tururin da ke tashi daga gare shi ya isa ya kama in tartsatsi ya taɓa shi. Ga asetik asid tsantsa wannan mizani digiri 39 ne a ma'aunin Salshiyas, kusan daidai da na kananzir. A ƙasashe masu sanyi ɗakin ajiya ba ya yawan kaiwa haka. Mu kuwa daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri kan kai digiri 40 har ya wuce, balle a cikin shago mai rufin kwano, ko kwantena, ko bayan motar da ta yini a rana. Ke nan a bazara jarkar da aka buɗe tana jiran tartsatsi ne kawai. Tururin ya ninka iska nauyi sau biyu, don haka ba sama yake tashi ba. Ƙasa yake bi, ya kwanta a rami da kwata, ya rarrafa har ya iske janareta ko risho ko guntun taba, wuta ta biyo shi zuwa ga jarkar.

Hunturu kuma da nasa salon. Wannan asid na daskarewa ya zama kamar ƙanƙara in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 16.6, shi ya sa Turawa ke kiransa gilashiyal, wato mai ƙanƙara. Daren Disamba da Janairu a Kano da Zariya da Jos kan yi sanyin da ya fi haka. Sai yaron shago ya zo da safe ya tarar kaya sun sandare, mai saye na jira, dabara ta ce masa ya matsa da jarkar kusa da wutar da ake jin ɗumi. Wannan dabara ce ta halaka. Abin yi shi ne a ɗan sassauta murfi, a ajiye jarkar a cikin baho mai ruwan ɗumi, nesa da kowace irin wuta, a yi haƙuri har ya narke.

DARASI DAGA LA PORTE

Kada mu ɗauka ƙananan shaguna kaɗai abin ya shafa. Ranar 27 ga Yuli, 2021, a masana'antar LyondellBasell da ke garin La Porte a jihar Texas ta Amurka, ma'aikatan wani ɗan kwangila suna ƙoƙarin cire wata na'ura daga kan bawul, sai suka kwance notocin da ke riƙe da murfin bawul ɗin kansa. Sama da tan 70 na ruwan sinadari mai zafi, mafi yawansa asetik asid, ya yi ambaliya. Mutum biyu suka rasu, aka kai kimanin 30 asibiti. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasar, a rahotonta na 2023, ta gano cewa ba a ba ma'aikatan rubutaccen tsarin aikin ba, ba a kuma horar da su a kansa ba.

Mu lura da waɗanda suka rasu: ma'aikatan ɗan kwangila ne. Da yawa daga cikin yaranmu a wannan matsayi suke, leburorin wucin gadi da ake miƙa wa aiki ba tare da an gaya musu abin da ke cikin duro ba. Idan haka ta faru a inda ake da kayan aiki da dokoki, ina ga shagon da ko bokitin ruwa babu?

KA'IDOJIN AJIYA DA AIKI

Na farko, a san kaya kafin a taɓa su. Duron asetik asid mai ƙarfi na ɗauke da lamba 2789, da hoton harshen wuta, da hoton ruwa na ɗiga yana cin hannu da ƙarfe. Ko wanda bai yi boko ba zai iya gane waɗannan.

Na biyu, a ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, a rufe ruf, a cikin mazubinsa na asali. Ba a zuba shi a bokitin ƙarfe ko na kwano, domin yana cin su, ya fitar da iskar haidurojin mai fashewa.

Na uku, a raba shi da abokan gabarsa: sodar rini da ta sabulu, da naitirik asid na masu gwada zinariya, da sinadaran faranta yadi. In ya haɗu da bilic na wanki, iskar kulorin mai guba ce ke tashi. Uwargida mai haɗa kayan wanke-wanke ta riƙe wannan.

Na huɗu, a sa kariya: tabarau mai rufe ido ta kowane gefe, safar hannu mai kauri ta robar butil, riga mai dogon hannu da takalmin roba. Siririyar safar asibiti ba ta tare shi, takunkumin ƙura kuma ba ya tare tururinsa.

Na biyar, in za a sirka, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali. Ba a zuƙo shi da baki ta tiyo kamar yadda ake wa fetur. Na masana'anta kuma ba na abinci ba ne, kada a sirka shi a sayar da sunan khal.

Na shida, duron da ya ƙare bai rabu da haɗari ba. Kada mai walda ya yanka shi, kada kuma a aika da shi gida don tara ruwan sha.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Maganin farko ruwa ne, mai yawa, nan take. In a fata ne, a tuɓe tufafin da ya jiƙe, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20. In a ido ne, a buɗe fatar idon da yatsu a yi ta zuba ruwa har rabin sa'a, sannan a nufi asibiti. Kada a shafa manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai.

Wanda ya sha, a kurkure masa baki, kada a sa shi amai, domin asid ɗin zai sake ƙona hanyar da ya bi. Kada a ɗura masa manja ko jiƙon kanwa. A garzaya da shi asibiti tare da mazubin ko takardar jikinsa. Wanda ya shaƙa, a fitar da shi sarari, likita ya duba shi ko da ya ce ya warware.

In ya zube a ƙasa, a kashe duk wata wuta, a buɗe ƙofofi, a fitar da mutane. A tare shi da yashi, a barbaɗa farar ƙasa ko garin kanwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina tashi. Ba a amfani da garin katako, ba a kora shi kwata. In wuta ta kama, ƙarama ce kaɗai ake tunkara da tukunyar kashe gobara ta hoda. In ta fi haka, a tsaya ta inda iska ke tahowa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

HAƘƘIN MA'AIKACI DA AIKIN ƘUNGIYA

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta samar da kayan kariya da wurin wanke jiki da akwatin taimakon farko. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi da mai koyon sana'a. Mutanenmu da dama ba su san da wannan ba, sai a sallame su da kuɗin mota su dawo gida da tabo.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. Kowane reshe ya tattara sunayen 'yan'uwanmu da ke aiki da sinadarai. Masana kimiyya da ma'aikatan lafiya daga cikinmu su riƙa shirya musu bita da Hausa, musamman kafin shigowar bazara. Lauyoyinmu su tsaya wa duk wanda ya ji rauni har ya sami haƙƙinsa. Masu shaguna da masana'antu daga cikinmu kuma su fara gyara daga kansu: kada su sayar da asid a mazubin da ba rubutu, kada su ba yaro aikin da ba su koya masa ba.

KAMMALAWA

Mun san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma waɗanda suka faɗi haka su ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani. Tabarau da safar hannu da duron ruwa a bakin ƙofa ba su kai kuɗin jinyar kwana ɗaya ba, idon matashi kuwa ba a sayensa a kasuwa. Wanda ya makance a birni, garinmu zai dawo, mu ne kuma za mu riƙe masa sanda. Muna roƙon kowa ya isar da wannan saƙo ga ɗan'uwan da bai sami halarta ba, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu, ya maida kowa gidansa lafiya.