GASKIYA MAI ƊACI GAME DA AIKIN ALBASHI

Jawabin wayar da kai ga masu neman aiki da ƙananan ma'aikata

Jama'a, kamar yadda kowa ya sani, burin yawancin iyaye a ƙasar nan shi ne ɗansu ya gama makaranta, ya karɓi takardar shaida, ya sami kujera a ofis. Wannan buri ba laifi ba ne. Amma akwai wata magana da ba a cika faɗa wa yaro ba ran da zai kama aiki, watau kujerar nan aro ce. Wani ya zauna a kanta kafin shi, wani kuma zai zauna bayansa, kuma ba lalle ne a shawarce shi kan ranar tashinsa ba.

Tarihin Nijeriya ya ishi mai hankali shaida. A shekarar 1974 hukumar da Jerome Udoji ya shugabanta ta ba da shawarar ƙarin albashi. Da kuɗin suka shigo hannu, har da ariyas, sai ma'aikata suka dinga sayen babura da rediyo, 'yan kasuwa kuma suka tsawwala farashi. Murna ba ta daɗe ba. A watan Yuli na 1975 Janar Murtala Muhammed ya hau mulki, cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, daga manyan sakatarori har masinjoji. Cikinsu akwai waɗanda halinsu ya ja musu, akwai kuma waɗanda hassada da tsegumi suka ci. Duka dai gida suka koma, kuma wanda bai iya kome ba sai sa hannu a takarda shi ya fi shan wuya.

Kada kuwa a ɗauka aikin kamfani ya fi tabbas. Masaƙar Kaduna Textiles da ke Kakuri ta soma aiki a 1957, zamanin Sardauna, wasu masaƙu kuma suka biyo bayanta, har unguwanni suka cika da iyalan ma'aikata. Wanda ya sami aiki a can, ana ganin kakarsa ta yanke saƙa. Amma tsadar wuta da ta baƙin mai, da atamfofin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, suka durƙusar da masaƙun. An rufe Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta tsaya a 2007. Dubban magidanta suka rasa abin yi, da yawa suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama. Ba lalaci ne ya jawo musu ba, wannan ita ce ɗacin maganar. Mutum yakan yi aiki tsakaninsa da Allah, masana'antar da kanta ta mutu. Sai dai makaniki da mai gyaran wuta da mai walda sun fita da abin da ba a kulle shi a cikin masaƙa ba, domin yana hannunsu.

To, wanda ya riga ya sami aikin gwamnati fa? Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne tsawon hanya. Mai digiri yakan fara ne daga mataki na 8, kuma shekara 2 na farko na gwaji ne, sai ya ci jarrabawa a tabbatar da shi. Daga nan sai ya yi aƙalla shekara 3 a kowane mataki har zuwa na 14, sa'an nan shekara 4 a kowane mataki daga na 15. In aka lissafa, kafin ya kai mataki na 17, watau darekta, zai shafe kimanin shekara 26, in bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma in akwai gurbi. Gurbin kuwa kaɗan ne. Saboda haka yawancin waɗanda suka kama aiki rana ɗaya ba za su zama darektoci ba, kome ƙwazonsu. Saurayin da ya fahimci haka tun da wuri ba zai ci bashi don ya yi rayuwar maigidansa ba, ba kuma zai sa hannu cikin dukiyar jama'a don gaggawa ba.

Akwai masu cewa ba a ci gaba sai da uwa a gindin murhu. Ƙarya ce a ce babu wannan. Amma ubangida shi ma ma'aikaci ne, ana yi masa canji, yana yin ritaya, yana mutuwa. Fayil kuwa yana nan. Takardar tuhumar da aka ba mutum yana ƙaramin akawu kan makara ko ɓatan kuɗi tana iya fitowa bayan shekara 20, a daidai ranar da ake neman wanda za a damƙa wa amana. A kowane ofis kuma an san mutum ɗaya ko biyu waɗanda in aiki ya cije su ake nema, ko da shugaba ba ya ƙaunarsu.

Sai batun ranar tashi. Bisa ƙa'ida, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, ban da irin su alƙalai da malaman makaranta da ke da tasu doka. Wanda ya fara yana ɗan shekara 22 zai tashi yana da 57, watakila da 'ya'ya a makaranta. Tun daga dokar 2004 fansho ya zama na adashi, kuma gyaran 2014 ya sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya zuba kashi 10. Wajibi ne mutum ya riƙa duba asusunsa, ya tabbata ana zuba kuɗin wata-wata, kada ya bari sai ya tsufa ya tarar da giɓi.

Wanda yake son koyon sana'a kuwa, ko yana aiki ko yana nema, ƙofa a buɗe take. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa na Jos, yana da cibiyoyin koyarwa. Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana haɗa matasa da gwanayen sana'a, kuma tana da ofis a kowace jiha. Mai bukata sai ya je da kansa, ya tambayi lokacin da ake ɗaukar sababbin almajirai.