Gishiri Iri Iri Ne: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Gishiri da kanwa da takin sulfa, a wurin masana duk dangin gishiri ne, amma halinsu cikin ruwa dabam dabam ne.

Kowane gishiri haɗin abu biyu ne, watau mai tsami da mai kashe tsami. In ya narke sai su rabu, wanda ya fi ƙarfi shi ke rinjayar ruwan. Masana suna auna wannan da ma'auni daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7, abin da ya gaza 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuwa mai kashe tsami.

Gishirin miya ɓangarorinsa ƙarfinsu ɗaya, saboda haka yana barin ruwa kan 7. Kanwa mai kashe tsaminta ya fi ƙarfi, shi ya sa mata ke jefa ta a miyar yakuwa. Takin sulfa kuwa tsami ke rinjaye a cikinsa. Ana iya gwadawa da ruwan zoɓo: a zuba masa kanwa, jansa zai juya ya yi duhu, a matsa lemun tsami sai jan ya komo.

To, gonar da a ke zuba wa sulfa kowace shekara ƙasarta tana tsami a hankali, har amfani ya ragu. Ana roƙon hakimai su gargaɗi talakawa su riƙa haɗawa da takin dabbobi da toka, su kuma nemi shawarar malamin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.