Allurar Gaɓar Kwatangwalo: Wacce Ce Ke da Hujja?

Wannan bayani ya shafi alluran da ake yi wa masu amosanin gaɓar kwatangwalo, wato ciwon da ke tasowa idan guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashin cinya ya zaizaye, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Da yake gaɓar tana da zurfi a cikin tsoka, likita ba ya dogara da laluben hannu, sai ya sa na'urar hoton ciki ta nuna masa hanyar allura.

Iri uku ne suka fi yawo. Akwai sitiroyid, maganin da ke kwantar da kumburi. Akwai hayaluronik asid, wani ruwa mai yauƙi irin wanda gaɓa ke samarwa da kanta. Sannan akwai ruwan jinin majiyyaci da ake tacewa a tattara ƙwayoyin da ke daskarar da jini, a mayar masa cikin gaɓar. Na biyun da na ukun sun fi tsada, kuma su aka fi yi wa talla.

A shekarar 2020 masana daga Jami'ar McMaster ta Kanada suka haɗa gwaje-gwaje 11 da suka ƙunshi majiyyata 1,353, suka tarar cewa babu ko ɗaya daga cikin alluran da ta fi ruwan gishiri zalla rage ciwo, ko bayan wata biyu zuwa huɗu, ko bayan wata shida. Wannan ba ya nufin majiyyatan ba su ji sauƙi ba, domin sun ji, har da waɗanda aka yi wa ruwan gishirin, abin da ke nuna cewa sa rai da kuma yadda ciwon ke tashi yana lafawa suna da babban rabo a sauƙin da ake jingina wa magani.

Sitiroyid ya sami ƙarin hujja daga baya, inda wani gwaji na Jami'ar Keele a Ingila, wanda aka buga a 2022 kan mutum 199, ya nuna cewa ya fi shawara da motsa jiki kawai, musamman a watanni biyun farko. Sai dai sauƙin gajere ne, hukumar NICE ta Ingila ta ƙiyasta shi da mako 2 zuwa 10, kuma sitiroyid yana ɗaga sukarin mai ciwon sukari na 'yan kwanaki, yana kuma ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta idan aka yi tiyatar sauya gaɓa cikin wata uku bayansa. Hayaluronik asid da tataccen jini kuwa, ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta yi hani mai ƙarfi ga amfani da su a kwatangwalo tun 2019.

Babu allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya tafi. Saboda haka ya dace likita ya faɗa wa majiyyaci ƙarara cewa makonni yake saye, kada iyalinsa su ƙarar da kuɗin tiyata a kan allura mai tsada.